Na yi alkawarin shafi kullum, yanzu ko wayar ba na son gani

Assalamu alaikum Inna, ina yi miki fatan alheri. Ni malamar makarantar sakandare ce a cikin garin Sakkwato, ina da aure da ɗiya ukku, ƙaramar ba ta kai shekara biyu ba. Tun ina ɗaliba nake rubuta labarai a bayan littafin darasi. Shekara biyu da sunka wuce na fara sakin labari ta waya kyauta, mutane sunka karɓe shi hannu bibbiyu. Da anka yi dogon hutu sai na fara wani sabo na kuɗi, naira 500 kowane mutum, na yi alkawarin shafi ɗaya kullum da dare har a kai shafi 90. Kusan mutum 200 sunka biya.

Lokacin hutu komai ya tafi daidai. Da anka koma makaranta sai abin ya caɓe. Ina dawowa ƙarfe biyu, ga girki, ga yara, ga makin littattafan ɗalibai. Sai kowa ya kwanta nake kama taifin, wani lokaci har ƙarfe biyun dare, in an ɗauke wuta kuma ina yi ina kallon caji. Shafi ɗaya yakan ci mini awa ukku. Da na makara saƙonni za su fara shigowa: “Malama shiru?” “Kuɗinmu fa muka biya.” Wata har cewa ta yi in ba zan iya ba in maido mata da kuɗinta.

Kullum sai na sha maganin ciwon kai, babban yatsana na dama yana zogi, a aji ina gyangyaɗi. Na fara yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Maigidana da shi ya saya mini wayar, yanzu cewa yake, “Wai ni ad da mata ko wayag ga?” Shekaranjiya ya ce in ban daidaita ba zai hana ni rubutun gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne labarin da nake kwana ina mafarkinsa ya fita raina. Ina shafi na 52, na rasa inda zan kai shi, ja kawai nake yi. Ga wata ƙawata marubuciya tana sakin shafi biyu kullum ba ta taɓa fashi ba, sai in ga kamar ni ce raguwa. In bari ne, Inna, ko in daure in ƙarasa? In na bari, me zan ce wa mutanen da sunka ba ni kuɗinsu?

Wata malama daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da fama. Macen da ke tsayuwa gaban allo tun safe har ƙarfe biyu, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wa yara uku hidima, ta duƙa kan littattafan ɗalibai, sannan ta zauna da babban yatsa ɗaya ta fitar da shafi 52 na labari, babu garin da za a kira ta raguwa. Matsalar tana cikin alkawarin. Malama mai dogon hutu ce ta ɗauke shi, wadda ke samun barcin rana kuma babu aji a gabanta washegari, ta bar wa malama mai aiki biya. Kin auna ƙarfinki a lokacin da kika fi sarari a duk shekara, kika mai da wannan awon farillar kowace rana. Ko wa ya yi haka, nan inda kika tsaya zai zo ya tsaya.

Kin tambaye ni ki bari ko ki daure, ni kuwa ban ga alheri a ko ɗaya ba. In kika daure a kan wannan tsarin, saura shafi 38, kowanne awa uku, awa 114 ke nan da za ki yanko daga barcinki ki zuba a labarin da ke da bakinki kika ce ja kawai kike yi. Masu karatu ba yara ba ne. Suna gane inda marubuciya ta fara cika shafi da doguwar gaisuwa, da bayanin leshin da amarya ta ɗaura, da jerin kulolin da aka ajiye wa ango. Ƙarshen littafi kuma shi ke zama a ran mutane, in ya zo a gajiye da shi za a riƙa ambatonki. In kuwa kika ajiye kika yi gum, kuɗin mutane na wuyanki, sunan da kika yi shekara biyu kina ginawa ya zube, sannan bayan 'yan watanni ƙaiƙayin rubutun ya dawo miki, don wanda ya faro tun daga bayan littafin darasi ba ya rabuwa da shi. Abin da nake so ki yi shi ne ki warware alkawarin nan a gaban waɗanda kika yi wa, ki ɗaura wani wanda za ki iya ɗauka ko a makon jarrabawa.

Amma jikinki tukuna, don shi ya fi gaggawa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin gajiyar da ke biyo bayan matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ta kawo alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa, hannu kuma ya daina fitar da abin da ya saba fitarwa. Duka ukun suna cikin wasiƙarki. Hukumar ba ta ƙirga ta a matsayin cuta ba, ta ce abu ne da yanayin aiki ke haifarwa, don haka gyaran ma daga tsarin aikin zai fara. Masana barci suna cewa babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye a dare. Ke kina kwanciya ƙarfe biyu, wajen ƙarfe biyar ladan ya kira asuba. In zafin Sakkwato ya kankama daga Maris zuwa Mayu, rana ta haura digiri 40, bango ya riƙe zafi har tsakar dare ga ba wuta, ko awa ukun ma ba cikakku ba ne. Kan da bai ƙoshi da barci ba ba ya ƙirƙira, maimaita abin da ya sani yake yi. Ina kyautata zaton rasa hanyar labarin da kika yi a shafi na 52 daga nan ya taso, tsawar da kike yi wa yara ma haka.

Maganin ciwon kan nan da kike sha kullum ya tsaya mini a rai. Likitoci sun san cewa mai shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har aka jera watanni, maganin da kansa yana iya zama mai dawo masa da ciwon kan. Ki je asibiti ki faɗa musu yawan da kike sha ba tare da ragewa ba, ki nuna musu yatsan, ki roƙa a auna jininki. Mace mai ƙaramin goyo da ke yawan kasala, wani lokaci ƙarancin jini ne ko zazzaɓin cizon sauro da bai gama fita ba, ana ta ɗora wa aiki laifi. In kina taimaka wa idonki da shayi mai kauri ko kofi ko goro da dare, ki sani bayan awa biyar kusan rabin sinadarin da ke hana barcin yana nan a jiki, shi ya sa ko kin kwanta sai ki yi ta juyi. Akwai kuma abin da nake so ki lura da shi da kanki. In kika huta amma har mako biyu ko fiye ƙuncin bai ɗaga ba, ba rubutu kaɗai ya fita ranki ba har abinci da hira da wasa da yara, ko kina kuka ba ki san dalili ba, to wannan ya wuce gajiyar aiki. Akwai likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya da ke Kware. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, kada ki bari tsoron bakin mutane ya hana ki.

Na san abin da zuciyarki ke raya miki: ai alkawari kaya ne, mumini kuma ba ya saɓawa. Haka ne. Sai dai ki tuna hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga masallaci ya tarar da igiya an ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Zainab ce, in tsayuwar sallah ta gajiyar da ita sai ta riƙe igiyar ta ci gaba. Ya ce a kwance ta, kowa ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. In nafila aka faɗa wa haka, ina ga shafin labari? A wani hadisin na Nana A'isha kuma ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ke ma a garinku kina da abin dubawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana riƙe da gidan Waziri Giɗaɗo, tana renon 'ya'ya, tana koyar da jajis, wato malamai mata, da ke kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Rubuce-rubucenta da suka iso mana, da Larabci da Fulatanci da Hausa, kimanin 60 ne cikin shekara kusan 40. Ki raba ki gani, ba su kai biyu a shekara ba. Ban ce aikin malamai da labarin soyayya awo ɗaya ake yi musu ba, amma wannan lissafin ya isa ya rage miki jin cewa wadda ba ta fitar da abu kullum ba marubuciya ba ce.

To, masu karatu. Suna da hakki, kada gajiya ta sa ki fara ganinsu kamar maƙiya. Labari suka saya, “kullum” ɗin kuma yana cikin cinikin, ke kika sa shi da hannunki. Wadda ta ce ki maido mata da kuɗinta, ko da harshenta ya yi kaushi, ba ta nemi abin da ba nata ba. Ki tura mata naira 500 ɗinta yau, ki yi mata godiya, magana ta ƙare. Sauran kuma ki tura musu saƙo guda ɗaya, da rana, lokacin da kanki ke daidai, wani abu kamar haka: “Assalamu alaikum masu karatu. Na yi muku alkawarin shafi kullum, amma aikin makaranta da na gida sun nuna mini ba zan iya riƙe shi ba, sai dai labarin ya lalace. Zan dakata na mako uku, in dawo ranar Litinin kaza ga wata. Daga nan shafi zai riƙa zuwa Litinin, Laraba da Juma'a da ƙarfe takwas na dare har mu kammala, in Allah ya so. Duk wanda wannan bai yi masa ba ya turo lambar asusunsa, zan maido masa da kuɗinsa, babu ɓacin rai.” Kada ki ƙara da dogon ban haƙuri, kada ki kawo labarin ciwon kai da maganar maigida, wannan sirrin gidanki ne. Rana tsayayya da ƙofar karɓar kuɗi a buɗe, su ne abin da ke kwantar da hankalin wanda ya biya. Abin da ke harzuƙa mutane shi ne shiru, da “gobe insha Allah” da ba ta zuwa. Za a yi guna-guni kwana biyu, wasu za su karɓi kuɗinsu, ba na jin za su yi yawa, don wanda ya bi labari har shafi na 52 ƙarshensa yake so ya gani. In kin riga kin kashe kuɗin, ki ware wani abu daga albashin watan nan ki ajiye saboda haka, ki biya bi da bi.

Tun da mun zo kan kuɗi, mu yi lissafin da na tabbata ba ki zauna kin yi ba. Mutum 200 a naira 500, naira 100,000 ke nan. Shafi 90 a awa uku-uku, awa 270. Kowace awa ta tashi a kimanin naira 370, ba a cire data da kuɗin caji da maganin ciwon kai ba. Ki kwatanta da abin da ake biyan malamar lesin a unguwarku. Ban kawo wannan don in raina sana'arki ba, na san ba kuɗin kaɗai ke sa ki rubutu ba. So nake ki ga girman bashin yadda yake. Kowane mutum ɗaya naira 500 yake binki da kuma ƙarshen labari. Babu wanda ya biya kuɗin barcinki, balle na zaman lafiyar gidanki.

Mako ukun nan kowanne da aikinsa. Na farko ba ki da abin yi da labarin sam. Ki yi barci, ki je asibiti, ki ziyarci 'yan uwa, in kina da littafin wani da kika daɗe kina son karantawa ki karanta. A ƙarshen makon sai ki ɗauki biro da takarda, ban ce waya ba, ki rubuta sunan kowane mutum da ke cikin labarin, abin da yake nema, da inda kike so ya ƙare. Daga nan ki jera abubuwan da dole su faru kafin a kai can, kowanne layi ɗaya. Wataƙila ki tarar labarin a shafi na 70 yake son ya tsaya. In haka ne ki tsayar da shi a nan, ki sanar da masu karatu tun da wuri. Ba wanda zai yi kukan rashin shafi 20 na ja-in-ja in ƙarshen ya gamsar da shi. Mako na biyu da na uku ki rubuta shafi uku-uku ba tare da kin saki ko ɗaya ba. Da haka kin gwada sabon tsarin a ɓoye kin ga ko zai ɗauke ki, kuma ranar da za ki dawo kina da shafi shida a ajiye.

Wannan ajiyar ita ce ginshiƙin duk abin da nake gaya miki. Yanzu hannu baka hannu ƙwarya kike yi, abin da kika rubuta yau shi za a karanta yau, shi ya sa zazzaɓin yaro ɗaya ko ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ke zama rikici da mutum 200. Manomin geron da ya san abin da yake yi ba ya jiran ranar da za a yi tuwo ya tafi gona neman zangarniya, daga rumbu ake ɗebowa. Ki mai da shi doka: shafin da kika rubuta a makon nan sai bayan mako biyu zai fita. In an yi rasuwa a dangi, ko biki, ko makon makin jarrabawa, rumbu ya biya miki. In kika ga ya sauko zuwa shafi biyu, ki sanar da hutun mako ɗaya tun bai ƙare ba. Akwai wata ribar ma: shafin da ya kwana biyu kafin ya fita kina samun damar sake karanta shi, ki tsince kurakuran da idon ƙarfe biyun dare ba ya gani.

Shafi uku awa tara ne a mako, kuma ina ganin inda za su fito. Safiyar Asabar da ta Lahadi bayan sallar asuba, gari da sanyi-sanyi, waya ta kwana tana caji, manyan yaran in suna zuwa islamiyya sun tafi: awa shida ke nan. Sauran ukun ki rarraba su a darare huɗu na mako, minti 45 bayan isha'i, ƙarfe goma na yi ki ajiye ko da a tsakiyar zance kike. Tsayawa a tsakiyar zance ma taimako ne, gobe kin san daga inda za ki kama. Wayar kuma ta kwana a falo. Lokacin rubutu ki kashe data, don saƙo ɗaya na “Malama shiru?” ya isa ya kore miki abin da kika yi wuni kina saƙawa. Saboda yatsan, ki cire wani abu daga kuɗin littafin ki sayi ƙaramin kibod mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, masu sayar da kayan waya suna kawo shi, ki riƙa bugawa da yatsu goma a kan tebur. Kafin ki samu, ki fara zuba shafin a takarda, wadda ba ruwanta da caji. Ido kuma duk bayan minti 20 ki ɗaga shi daga wayar ki kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Sannan ki raba layin gida da na masu karatu. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsa wa mutum da kansa in ba kya kusa, ki rubuta ranakun sakin shafi a ciki. In kina da ƙanwa ko wata amintacciya, ki ba ta aikin duba alat da tura shafi, ki yanka mata wani abu. Rabin gajiyar masu irin sana'arki daga amsa saƙo take zuwa, rubutun bai kai nan ba.

Yanzu maigida. Mutumin da ya ciro kuɗinsa ya saya miki wayar ba maƙiyin rubutunki ba ne. Maganar da ya faɗa, in kika cire zafin da ke cikinta, kewa ce da damuwa: yana juyawa tsakar dare ya ga hasken waya a fuskarki, da safe ya ga kin tashi ido jawur kina faɗa da yara. Yana da gaskiya a wannan, kuma gara ki faɗa masa haka da bakinki. Hana ki rubutu gaba ɗaya kuwa ba zai dawo masa da matar da yake kewa ba, mai ƙunci zai samu a madadinta, amma wannan ba da gardama za ki nuna masa ba. Ki riga shi. Kafin ma ki tura wa masu karatu saƙo, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki kawo masa takarda da tsarin a rubuce: ga ranakun, ga awannin, ga lokacin da waya za ta bar ɗaki, ga watan da littafin zai ƙare. Ki nuna masa lissafin kuɗin ma, kada ya zama yana jin labarin cinikinki a bakin wasu. Sannan ki roƙe shi abu guda ƙarami da zai iya, misali ya riƙe ƙaramar safiyar Asabar, ko ya kai ta wurin Hajiyarsa na awa biyu. Namijin da aka sa shi cikin shiri yakan zama mai tsaron shirin. In duk da haka ya kafe a kan sai kin bari, kada ki koma rubutu a ɓoye ƙarƙashin bargo, ranar da ya gano abin zai fi haka muni. Ki roƙe shi wa'adin kammala wannan littafin tun da hakkin mutane ne a kanki, in ya ƙi ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki cikin mutunci.

Ɗalibanki ba su rubuto mini ba, amma su ma suna cikin maganar. Wasunsu WAEC da NECO ke gabansu, kuma albashin can shi ne tsayayyen abin da ke shigo miki. Malamar da ke gyangyaɗi a aji hakkinsu take ci ba da niyya ba. Ƙawarki kuwa, ba ki san cikin gidanta ba. Wataƙila ta gama littafin tun kafin ta fara saki, wataƙila ba ta zuwa aiki, wataƙila ita ma da maganin ciwon kai take kwana. Ki tambaye ta yadda take yi maimakon ki zauna kina auna kanki da ita, ƙila ki ji abin da zai ba ki mamaki.

In Allah ya sa kin sauke wannan, littafi na gaba kada ki karɓi ko kwabo sai kin rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku, in son samu ne ma ki gama shi tsaf. Ki ɗauki kalandar makaranta ki ɗora a kan ta Musulunci, ki ja layi a kan azumi, makon sallah, makonnin jarrabawa da tsakiyar bazara, ki sanar tun ranar farko cewa babu shafi a waɗannan lokuta. Dogon hutu da sanyin hunturu su ne lokacin tara rubutu. Ba dole ba ne kuma kowane labari ya kai shafi 90. Gajeren labari cikin 'yan makonni ake gama shi, yana kuma koya wa hannu tsimin magana. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, ki gwada sa'arki a zangon da ba ki da littafi a hannu.

Akwai yiwuwar mako ukun su cika, ki yi barci, kan ya daina ciwo, amma ki buɗe labarin ki ji har yanzu ba ya shiga ranki. In haka ta faru kada ki koma wa tsohon tsari don kunya. Ki ɗauki takardar nan da kika jera abubuwan da suka rage, ki zaɓi waɗanda labarin ba zai rufu ba sai da su, ki ɗinke shi cikin shafi takwas ko goma. In ko wannan ma ya gagara, ki faɗa wa mutane gaskiya ki maido musu da kuɗinsu a hankali, ki ajiye littafin zuwa wani lokaci. Shafin daren yau dai kada ki rubuta shi. Ki yi magana da maigida bayan magariba, ki tura saƙon da safe. Bayan mako ukun ki sake rubuto mini, ina so in ji shafi nawa kika tara da abin da likita ya ce game da yatsan. Allah ya ƙara lafiya, ki shafa mini kan yaran.